Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga daraktoci da malaman makarantun Maraɗi: a shirya wa yara gasar rubuta halittun unguwarsu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ya aiki, ya kuma ɗawainiya da yara? Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara haƙuri.

Ranku ya daɗe, roƙo ne na zo da shi, kuma na zaɓi in yi shi a bainar jama'a don iyaye su ji, malaman jami'a su ji, ma'aikatan gandun daji su ma su ji. Ina roƙon ku shirya wa ƴan makarantar birnin nan gasa ta shekara guda, wadda kowane yaro da kowace yarinya za su riƙa rubuta duk wata halitta da suka gani da idonsu kusa da gidansu: tsuntsu, itace, ciyawa, ƙwaro, mai jan ciki, dabbar daji, kifin tafki. Sunan abin, ranar da aka gan shi, wurin da aka gan shi, da abin da yake yi a lokacin. Iyakar filin gasar ita ce nisan da yaro zai iya takawa bayan la'asar ya dawo gida ba a kira magariba ba. Kayan aikin duka kaye ne guda, wato littafin rubutu, da bik. Ba mota, ba kuɗin shiga, ba jiran wani furoje daga waje.

Dalilina na farko ungulu ce. Duk wanda ya haura shekara arba'in a garin nan ya san yadda ungulaye suke cika mahauta da bayan kasuwa a da, suna zaune bisa katanga suna jiran mahauta su tashi. Yau sai mutum ya daɗe bai ɗaga kai ya ga ko ɗaya ba. Kowa yana faɗin haka a majalisa, amma in aka ce a wace shekara suka fara raguwa, guda nawa ake gani da, guda nawa suka saura, sai a yi shiru, don ba wanda ya rubuta. Abin da duniya ta sani game da ungulayen yankinmu ya samo asali ne daga irin wannan aikin da nake roƙo. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga manyan tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe, sa'an nan ya sake bin waɗannan hanyoyin a 2003 da 2004. Da ya gwama lissafin biyu sai ya tarar manyan ungulaye, irin su maiki, sun ragu da kimanin kashi 98 cikin 100 a wajen gandayen da ake tsaro. A 2015 aka sanya ungulun gari, wadda muka saba da ita, cikin jerin halittun da suke gab da ƙarewa a duniya. Guba da ake sa wa mushe tana kashe su, ana kuma farautarsu don sayar da kai da ƙafa ga masu neman magani. Ku dubi abin da ya bayyana wannan asara: mutum ɗaya ne da littafi, ya rubuta, ya ajiye, ya dawo bayan shekara talatin. Mu kuwa muna da dubban yara masu kaifin ido a arondisma uku na birnin nan, kuma suna nan kullum, ba baƙi ba ne masu wucewa.

Dalili na biyu abin alfahari ne, amma akwai giɓi a cikinsa. Sunan Maraɗi ya zaga duniya saboda sassabin zamani. A 1983 ne Tony Rinaudo, malamin gona ɗan Ostareliya da yake aiki a nan, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa a gonaki lokacin sassabe tohon kututturan manyan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa, in an rage rassan aka bar biyu ko uku sai su miƙe. Manoma suka karɓa, suka gyara dabarar da kansu, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar nan, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Hoton tauraron ɗan Adam ne da na jirgin sama suka taimaka wajen wannan lissafi. To amma hoton sama inuwar itace yake gani. Ba ya gaya mana ko bushiya ta dawo gindin kalgon, ko hawainiya tana kan sabarar, ko fakara ta samu wurin ƙwai. Ba ya kuma bambance cewa yawancin abin da ya dawo gawo ne da kalgo da sabara da aduwa, alhali kanya da ɗinya da ƙirya da marke da tsamiya sai ƙara wuyar gani suke yi. Wannan sai mai tafiya a ƙasa.

Bari in ba ku misalin abin da nake nufi da cilakowa. Ita ba ta saƙa sheƙa. Kogon tsohon itace take nema, macen ta shiga ciki, a liƙe bakin kogon da laka da kashinta, a bar ƴar tsaga wadda baki kawai zai iya shiga. Tana nan a kulle har ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, namijin yana ta safarar fara da tsutsa da ƴaƴan itace yana miƙa mata ta tsagar. Gona na iya cika da matasan gawo masu kyan gani, amma in an sare tsohuwar kukar ko tsamiyar da take da kogo, cilakowa ba ta da gida a wurin, haka mujiya, haka ƙudan zuma. Yaron da ya rubuta cewa ya ga cilakowa tana kai abinci kogon itace kaza a watan Agusta ya ba ma'aikatan gandun daji hujjar da za su hana a sa wa itacen nan gatari.

Sai maganar shamuwa, wadda ita ce za ta fi jan hankalin iyaye. Kowane manomi ya san in ta sauka kan itacen ƙofar gari, damina ta kusa, a gyara kalme da iri. Tana yin sheƙa a cikin mutane, ba ta gudunsu, tana ciyar da ƴaƴanta da fara, in kaka ta yi sai ta tashi ta nufi gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, ta yi daminar can, ta juyo. Muna da ma'aunin ruwan sama a garuruwa da yawa, ana kuma faɗin milimitocin da aka samu a rediyo. Amma ranar da shamuwar farko ta sauka a Tarna ko a Sura, da yawan sheƙun da aka yi bana idan aka kwatanta da bara, wa yake riƙe da wannan? Dattawa suna cewa damina ta sauya hali, tana makara, tana yankewa a tsakiya. In haka ne, shin shamuwa ma ta sauya lokacin zuwanta? Tambaya ce da jami'a za ta so amsarta, kuma ba za a same ta ba sai an jera shekaru ana rubuta kwanan wata. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya wannan aikin sarai.

Ba wani sabon abu na ƙirƙiro ba. A Amurka, ranar Kirsimeti ta 1900, wani masani mai suna Frank Chapman ya ba da shawarar a bar al'adar fita gasar harbin tsuntsaye a ranar, a koma gasar ƙirga su. Mutum 27 suka fita a wurare 25. Har yau ana yin wannan ƙidaya kowace shekara, kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan madogarar masana. A 2016 biranen Los Anjalas da San Faransisko suka yi gasar wa zai fi samun nau'in halittu a cikin garinsa, yanzu ɗaruruwan birane suke shiga a ƙarshen watan Afrilu, suna ɗora hotuna a manhajar iNaturalist. Wasu masu sha'awar tsuntsaye kuma sukan shata wa kansu da'irar kilomita 8 daga ƙofar gida, su ce bana ba za su lissafa komai ba sai abin da ke cikinta. Kusa da mu, a Najeriya, tun 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ta raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a kowane gefe, matasa ƴan sa-kai suna shiga suna rubuta tsuntsayen da suka gani, kuma ƴan arewa suna cikin waɗanda suka fi ƙwazo. Nijar tana da nau'in tsuntsaye sama da 500 da aka tabbatar. Ni dai ban yarda a ce sai mai babbar waya da kuɗin intanet ne zai shiga wannan fage ba. Mai waya ya ɗauki hoto, madalla. Amma takarda ce ginshiƙi, don ita ce kowane gida zai iya saye, kuma ba ta mutuwa don an ɗauke wuta.

Me ya sa na dage sai kusa da gida? Na san wani zai ce a kwashi yara a kai su tafkin Madarunfa, wanda aka sanya cikin wuraren dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2019, su ga dinya da kirinjijiya da zalɓe, ko a kai su gandun dajin Gadabeji su ga raƙuman dawa takwas ɗin da aka kwaso daga Kure a 2018 da waɗanda aka ƙaro daga baya. Ina ma a ce za a iya. Amma ku kun fi ni sanin abin da hayar mota ɗaya take ci, kun kuma san halin da ake ciki na rashin tsaro a wasu sassan Madarunfa da Gidan Rumji, ga dajin Babban Rafi da ba uban da zai saki ɗansa ya shiga yanzu. Ko da an samu an je, fita ce ta wuni ɗaya, a gani a dawo a manta. Abin da yake koya wa mutum lura shi ne ya dubi wuri ɗaya sau da yawa, da sanyi da bazara da damina da kaka, har ya san abin da ya saba gani, ya kuma gane ranar da wani abu ya ɓace ko wani baƙo ya zo.

Kusancin nan kuma shi ne zai ba ƴan mata dama daidai da maza. Yarinyar da ba a barinta ta yi nisa tana da tsakar gida, kuma tsakar gidan Bahaushe cike take da halittu. Baiwar Allah tana tsintar tsaki a gindin turmi. Kurciya da hasbiya suna sauka bakin randa. Tsaka tana bango da dare tana jiran ƙwarin da ke zagaya fitila, jaɓa tana bin gindin katanga da ƙararta, jemagu suna fitowa da magariba. Ku ce ta zauna a zaure ta kalli zanzaro wuni guda. Zai je bakin magudanar ruwa ya dunƙulo laka, ya zo ya liƙa a kusurwar bango, ya koma, ya dawo, har ya gina ɗan ɗaki. Sa'an nan ya tafi farauta, ya harbo tsutsa ko gizo-gizo, harbin da ba ya kashewa sai dai ya sandarar da jiki, ya cusa a ɗakin, ya yi ƙwai a ciki, ya toshe ƙofar. Ɗan da zai ƙyanƙyashe zai tarar da abincinsa da rai, bai ruɓe ba. Yarinyar da ta bi wannan da idonta ta rubuta shi da hannunta ta fahimci darasin da aka zana mata a tabulo fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa.

Garin nan ba iri ɗaya ba ne, kuma dole masu shirya gasar su san da haka. Ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon gari daga cikin fadama aka hau tudu. Yaran Bagalam da Ƴandaka da Ɗan Gulbi da Maradawa da Limanci suna da gulbi a kusa, da lambuna da mangwarori da laka, don haka za su ga balbela da zalɓe da kwaɗi iri-iri, mai sa'a har ya ga gaiwa, kifin nan da yake binne kansa cikin taɓo ya yi rani a can. Yaran Zariya da Ali Ɗan Tsoho da sababbin unguwannin tudu kuwa yashi ne da siminti da dogon yaro a jere, itacen da aka kawo daga Indiya zamanin Turawa ya mamaye tituna. In aka ce wanda ya fi tsawon jeri shi ne gwani, an gama gasar tun ba a fara ba, kuma an zalunci na tudu. Shi ya sa nake ganin a gwama kowace makaranta da maƙwabtanta, a kuma ɗauki gajeren jeri da daraja. In aji guda ya shekara yana dubawa a sabuwar unguwa bai samu itacen gida ko biyar ba, wannan labari ne babba, kuma ya kamata ya isa teburin masu raba filaye da masu zaɓen irin da za a dasa ranar 3 ga Agusta, ranar da muke bikin dashen itace tun 1975.

Game da ƙa'idoji, ban so a yawaita su, amma akwai waɗanda ba makawa. Ta farko, ba kisa, ba kamu, ba ɗibar ƙwai, ba tsinke sheƙa. Abin da aka harbo da danƙo ba ya shiga lissafi, haka fatar da aka gani a shimfiɗar mai magani a kasuwa, haka kanarin keji. Wannan ita ce ƙa'idar da na fi damuwa da ita, don yaranmu maza sun san tsuntsaye ƙwarai, amma ta hanyar danƙo da tarko suka san su, kuma burina gasar ta juya wannan ƙwarewa ta koma kallo. Dabbobin gida ba sa ciki. Itacen da aka dasa a rubuta shi a shafi dabam da wanda ya fito da kansa. Maciji daga nesa ake kallonsa, ba a ɗaga dutse ko a sa hannu a rami, don kububuwa ba ta da girma amma dafinta yana kisa. Ba shiga kududdufi ko gulbi, saboda nutsewa da tsargiya. Ba shiga lambun mutane sai da izini.

Sai maganar gaskiya, wadda ita ce ran abin. Yaro zai so ya ƙara gauraka ko burtu ko tuje a jerinsa don ya ji sunan a bakin kakansa. Maganin wannan shi ne duk abin da ba a saba gani ba sai an kawo shaida: abokin da suka gani tare, ko babban mutum, ko hoto, ko kuma ya zana shi ya faɗi girmansa da launinsa da yadda bakinsa yake da irin kukansa. A kuma koya musu cewa rubuta “na ga tsuntsu kaza ban san sunansa ba” ya fi cika shafi da ƙarya. Za a yi kurakurai na gaskiya, kuma a cikinsu darasi yake. Kabare namiji da damina rawaya ne shar da baƙin kai, yana rataye a reshen aduwa yana saƙa sheƙa da zaren ciyawa, yana kaɗa fukafukai don macen ta zo ta duba aikin, in ba ta karɓa ba ya warware ko ya soma wata. Da rani kuwa sai ya koma toka-toka kamar macen. Yara da yawa za su rubuta shi a matsayin tsuntsaye biyu. Ranar da malami ya nuna musu ɗaya ne, ba za su sake mantawa ba. Kada kuma a tsaya ga suna kawai, a rubuta adadi: shirwa nawa, sheƙar shamuwa nawa a kan itace kaza. Jeri mara adadi ba zai nuna raguwa ba sai ranar da abin ya ƙare ƙurmus.

Sunayen kuwa a rubuta su da Hausa, yadda ake faɗinsu a gida, kuma yaron da ya san na Fulatanci ko na Tamajak ya ƙara a gefe. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ga wurin da za a fara aiki da wannan ba tare da an jira sababbin littattafai ba. Na san malami da yawa, musamman matasa da waɗanda aka turo daga wasu jihohi, za su ce su kansu ba su san waɗannan sunaye ba. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma ba a kanku nauyin yake ba. Masanan suna nan cikin unguwa: tsofaffin mafarauta, makiyaya, masunta, masu sassaƙa turmi da suka san kowane itace da ƙwarinsa, da tsofaffin mata masu tatsar ganye waɗanda suke bambance tafasa da yaɗiya da gasaya da lalo tun suna ƴan tsirrai. Kowane wata a gayyato ɗaya daga cikinsu ya zauna da aji, a karanta masa abin da aka tara, ya gyara. Irin waɗannan mutane suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Inda aka samu suna biyu ga abu ɗaya, a rubuta duka biyun da garin da aka ji kowane. Haɗa sunan gida da sunan kimiyya aikin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne, wadda take da tsangayar aikin gona da kimiyyar muhalli a garin nan. Ina roƙon malamanta su ba kowace makaranta ɗalibi ɗaya ko biyu da za su riƙa leƙawa. Su ma ɗaliban za su samu abin rubuta kundin kammala karatu.

In wani uba ya ce wannan wasa ne, me zai ƙara wa tukunya, ga amsa. Garmani, mugun hakin nan, ya cinye wuraren kiwo da burtalai da yawa a jihar nan, dabba ba ta damu da cinsa ba, yana kuma danne ciyawar kirki. Ƙuduji yana tsotse gero da dawa. Murzuna tana shiga zangarniya ta bar manomi da ƙaiƙayi. Duk waɗannan a wuri ɗaya suke fara bayyana kafin su bazu, kuma wanda ya fara gani ya faɗa ya taimaki kowa. A cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna an daɗe ana kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin rina, ana sa shi a ƴan buhunan algarara a rataye a ƙauyuka, shi kuma ya fita ya kashe tsutsar murzuna. Wannan dabara daga lura ta fito, wani ne ya zauna ya ga wane ƙwaro yake cin wane. Yaron da ya saba da irin wannan kallo zai zama manomin da ba ya fesa magani a kan abokin gonarsa, ko malamin gona, ko likitan dabbobi.

Na san halin da kuke ciki. Aji ya cika maƙil, wasu a rumfar zana, manhajar karatu tana da tsawo, ga jarrabawa a gaba. Shi ya sa ban ce a taɓa ƴan ajin jarrabawa ba. A fara da aji biyu na farkon kwaleji, siziyam da sankiyam, da ajin da ke kafin na ƙarshe a firamare. Minti goma sha biyar a mako sun isa: kowa ya faɗi sabon abin da ya gani, a ƙara a babban jerin aji da aka manna a bango. Sauran aikin a gida yake. Darasin kimiyyar rayuwa da ƙasa ya samu misalai, malamin lissafi ya samu alƙaluman da zai koyar da jadawali da su, malamin zane ma ya samu abin yi. Akwai matsala ɗaya ta kalanda da ya kamata a warware tun farko. Shekarar karatu tana farawa a Oktoba ta ƙare a Yuni, lokacin da halittu suka fi yawa kuwa, wato Yuli zuwa Satumba, yara suna hutu. Don haka kayen ya bi yaro gida, wanda ya tafi ƙauye noma ya buɗe sabon shafi da sunan ƙauyen, a rufe gasar a Oktoba mai zuwa bayan an dawo. Kada a manta da makarantun allo. Almajirai sun fi kowa taka lungunan garin nan, alaramma in ya yarda za su iya rubuta nasu da ajami, kuma duban halittar Allah da tunani a kanta abu ne da addini ya kwaɗaitar.

Kyauta ba sai mai tsada ba: littattafai, jakar makaranta, dashen itacen gida da za a sa wa sunan ajin, a kuma karanta sunayen yaran a gidajen rediyon gari. A ba wanda ya fi yawan nau'i, a ba wanda bai tsallake mako ko ɗaya ba, a ba wanda ya fi kyan bayani ko zane, a ba wanda ya kawo sunan da malamai ba su taɓa ji ba aka kuma tabbatar da shi. Abin da ya fi kyautar muhimmanci shi ne ajiya. In aka bar kayen nan a kabad gara ta cinye, an yi aikin banza. Kowace makaranta ta tattara jerinta a takarda ɗaya mai kwanan wata, a yi kofi uku, ɗaya ya zauna wurin darakta, ɗaya a kai jami'a, ɗaya a kai ofishin muhalli na jiha. Baɗi a maimaita a daidai wuraren nan, da ƙa'idojin nan, ba a sauya ba, don sai haka ne za a iya gwama shekara da shekara.

Ba sai kun jira takarda daga Yamai ba kafin a gwada. Daraktoci uku sun isa a fara, ɗaya a kowace arondisma, a tabbatar akwai makarantar da ke kusa da gulbi da wadda ke can kan tudu. Ina roƙon ku sa maganar nan a taronku na farkon shekara, ku kuma gabatar da ita ga kwamitocin iyayen yara, don su ne za su sayi kayen, su ne kuma za su bar yaro ya tsaya gindin itace ba a ce yana shiririta ba. Mu iyaye da muke da sha'awar abin a shirye muke mu raka malamai wurin dattawan unguwa, mu kuma taimaka wajen kwafe jerin a ƙarshen shekara.

Allah ya taimake ku, ya albarkaci yaran da ke hannunku.

Wassalam.

Naku,
wani uba, tsohon malamin gona,
Maraɗi